Daɓe a Kan Taswira: Inda Rafukan Kudancin Kano Suke Ɓacewa

Duk wanda aikinsa ya sa yake karanta rahotannin binciken ƙasa, ko kundin digiri na biyu a fannin labarin ƙasa, ko takardun da 'yan kwangila ke miƙawa kafin a gina dam ko a shimfiɗa hanya, ya san irin taswirar da ake magana a kanta. Launukanta suna narkewa cikin juna daga kore zuwa rawaya zuwa ja, layukan tudu suna lanƙwasa a hankali kamar aikin mai zayyana, babu ƙuraje, babu tabo. A ƙasanta an rubuta inda aka samo bayanan, an sa kibiyar arewa da ma'aunin nisa. Abin da ba a rubuta ba shi ne wanda ya fi sauran tasiri a kan abin da ido ke gani, wato cewa an tace alƙaluman kafin a zana su, da irin rariyar da aka yi amfani da ita, da girman idonta.

Wannan shirun laifi ne na sana'a, kuma babu inda illarsa ta fi fitowa fili a jihar Kano kamar kudancinta. Daga Kiru da Bebeji ƙasa tana soma tashi, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore har ta kai duwatsun Riruwai a Doguwa, inda tsayinta ya haura mita 1,000 a kan teku, alhali filin birnin Kano bai cika 500 ba. Ta wannan gangaren kogin Kano yake saukowa ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, mai cin ruwa kusan kubik mita biliyan 2, wadda kuma da ruwanta ake noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam. Abubuwan da rayuwar manomin wannan yanki ta rataya a kansu sirara ne: rafin da ke cika a Agusta ya ƙafe kafin sanyi, zirin fadamar da ake dasa shinkafa ko rake, kwarin da zaizaya ke ƙara wa faɗi kowace damina. Lailaya kuwa babu abin da take fara cinyewa sai siririn abu.

Domin a gane dalili, sai a san yadda kwamfuta take riƙe da ƙasa. Ba ta ganin tudu ko kwari, gidajen dara take gani. Ana yanka faɗin ƙasar zuwa ƙananan murabba'ai masu girma ɗaya, kowane gida a ba shi lamba ɗaya tak: tsayin ƙasa, ko yawan ruwan sama, ko yawan mutane. Bayanan tsayin ƙasa da aka fi amfani da su a ofisoshi da jami'o'in Nijeriya su ne na SRTM, waɗanda kumbon Endeavour na Amurka ya auna da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000. Shekara da shekaru Afirka ba ta samun su sai a gida mai faɗin mita 90. Sai a Satumban 2014 aka saki mai faɗin mita 30. A wannan ma'aunin gona mai girman hekta ɗaya gidaje 11 ce kacal, ko ma ba ta cika ba. Tun kafin kowa ya taɓa alƙaluman, kwarin da faɗinsa bai wuce mita 10 ba ya riga ya nutse a cikin gida ɗaya, kuma duk zaizayar da aka yi cikin sama da shekara 20 tun bayan awon babu ita a ciki.

Lailaya tana zuwa ne a kan wannan. Aikinta mai sauƙin faɗi ne: a tsaya a kan kowane gida, a dubi maƙwabtansa da ke cikin wani da'ira, a haɗa lambobinsu, a fitar da sabuwar lamba a sa a madadin tsohuwar. Daga cikin kayan aikin da ake yin haka da su, akwai grdfilter, ɗaya daga cikin umarnonin manhajar GMT, wadda Paul Wessel da Walter Smith suka soma rubutawa a ƙarshen 1987 suna ɗalibai a cibiyar Lamont-Doherty ta Jami'ar Columbia. Kyauta ce, kuma ba a danna mata maɓallai, rubuta mata umarni ake yi. Layi ɗaya ya isa:

gmt grdfilter tudu.nc -Fg0.6 -D4 -Gtudu_lailai.nc

Harafin g yana nufin rariyar Gauss, wadda take ba maƙwabci na kusa nauyi mai yawa, na nesa kuma kaɗan. Lambar 0.6 ita ce faɗin da'irar a kilomita. Ga wanda bai saba ba, mita 600 ba wani abu ba ne a taswirar ƙaramar hukuma guda. To amma da'ira mai wannan faɗin tana rufe hekta 28, wato gidaje kusan 300, kuma dukkansu suna da baki a cikin sabuwar lambar da za a ba gida ɗaya.

A ɗauka akwai ƙorama a mazaɓar Badafi ta ƙaramar hukumar Kiru, kwarinta yana da faɗin mita 60 da zurfin mita 4. Wannan kwari ne da zai hana motar hatsi wucewa a damina, wanda kuma gefensa zai iya zama fadamar iyali goma. A GMT faɗin rariyar Gauss ya ninka abin da masana lissafi ke kira sigma sau shida, don haka mita 600 tana nufin sigma ta mita 100. Idan aka yi lissafin, zurfin mita 4 zai koma ƙasa da mita ɗaya, faɗin kuma ya baje har kwarin ya zama kamar ɗan lotsawar fili. Idan mai aikin ya ga taswirar ba ta yi masa sulɓi yadda yake so ba ya ɗaga lambar zuwa kilomita 3, abin da zai rage bai kai santimita 20 ba. Ƙoramar tana nan a ƙasa tana cin gonaki, a takarda kuma an yi mata daɓe.

Daga nan ɓarnar take wucewa daga ido zuwa siminti. Manhajojin da ke gano hanyar ruwa suna bin doka mai sauƙi: ruwan kowane gida yana gangarawa zuwa wanda ya fi gangare cikin maƙwabtansa takwas. Ta haka ake zana iyakar yankin da ruwansa ke taruwa wuri ɗaya, da faɗin wannan yankin kuma injiniya yake ƙididdige girman kwalbati ko tsayin bangon ƙaramin dam. A ƙasa mai ɗan shimfiɗa kamar ta Kiru da Bebeji, tudun da ya raba ƙorama biyu sau da yawa bai wuce mita biyu ko uku ba. Idan rariya ta share shi, kwamfuta za ta karkatar da ruwan wani yanki gaba ɗaya zuwa ƙoramar da ba tasa ba. Sai a gina babban kwalbati inda ruwa kaɗan ne, a sa ƙarami inda ambaliya take zuwa. Ranar da hanya ta yanke za a zargi ɗan kwangila da cin siminti, a zargi sauyin yanayi, babu wanda zai tuna da lamba ɗaya da aka rubuta bayan harafin g.

Masu ɗan sani a fannin sukan ce ai maganin wannan shi ne a bar matsakaici a koma rariyar ɗan tsakiya, wadda grdfilter yake kira da harafin m. Ita ba ta haɗa lambobi ta raba, jera su take yi daga ƙarami zuwa babba ta ɗauki wanda ya faɗo a tsakiya. Gaskiya ne tana kiyaye gefen dutse da bakin tafki fiye da ta Gauss, tana kuma cire lambar da ta yi tsalle ita kaɗai saboda kuskuren awo. Sai dai hukuncinta na rinjaye ne tsantsa. Duk abin da bai kai rabin gidajen da ke cikin da'irar ba ba ya samun ko da ɗan kaso. Ƙoramar Badafi da ta Gauss ta bar wa santimita 90, ɗan tsakiya mai faɗi iri ɗaya zai shafe ta ɗungurungum. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Akwai kuma tarkon da ke cikin -D4 ɗin can. Wannan alamar ce take gaya wa manhajar cewa gidajen suna jere ne bisa digirin duniya, faɗin rariyar kuma a kilomita aka ba shi. Wanda ya rubuta -D0 a kan irin wannan fayil ya ce mata faɗin ma a digiri yake. Idan ya sa 3 yana nufin kilomita uku, ta fahimci digiri uku, wato sama da kilomita 330. Da'irar da aka kafa a kan Tudun Wada za ta haɗiye birnin Kano a arewa, ta haɗiye Jos a kudu. Irin wannan kuskuren yakan tona kansa domin taswirar tana fitowa fayau kamar faranti, kuma abin takaicin shi ne ƙananan kura-kurai ba sa yin haka, suna fitowa ne da kyan gani.

Ba a ce kada a tace ba. Wanda ya taɓa buɗe ɗanyen SRTM ya san yana cike da ƙuraje, domin rada tana da nata kuskuren na 'yan mitoci daga gida zuwa gida, kuma ba ta bambanta ƙasa da abin da ke kanta. A dajin Falgore wani ɓangare na abin da ta auna kan itatuwa ne, a cikin gari kuma rufin gidaje. Idan aka ƙididdige gangare daga irin waɗannan lambobin kai tsaye, fili mai shimfiɗa zai fito kamar bayan kada, ruwa kuma ya maƙale a ramukan ƙarya. Mai son ganin babban fasalin ƙasa, yadda take sauka daga Riruwai zuwa Tiga, yana da cikakken dalilin sa rariya mai faɗin kilomita 5 ko 10. Mace mai tankaɗe ba ta yi laifi ba don ta raba gari da tsaki. Za ta yi laifi ne idan ta zubar da tsakin a ɓoye ta ce abin da aka niƙo ke nan. Hasali ma raunin bayanan shi ne ya sa ɓoyewar ta fi muni, saboda ƙurajen ɗanyar taswira gargaɗi ne ga mai kallo cewa awon bai kai a gina masa gada a kai ba. Sulɓi yana cire gargaɗin ya bar raunin.

Masu binciken ma'adinai sun fi kowa sanin darajar tsaki, kuma Riruwai ce makarantarsu. Duwatsun wurin na cikin zobban dutse da suka bi ta Filato zuwa kudancin Kano, an kuma daɗe ana haƙar kuza a can tun zamanin Turawa. Shahararriyar jijiyar ma'adinin Riruwai, mai ɗauke da kuza da tutiya, ta miƙe kusan kilomita 5 daga gabas zuwa yamma, amma faɗinta 'yan mitoci ne. A shekarun farko na wannan ƙarni kamfanin Fugro ya auna maganaɗisun ƙasar Nijeriya daga jirgin sama domin Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, jirgin yana tafiya mita 80 daga ƙasa, tsakanin layi da layi mita 500. Masanin da ya karɓi waɗannan alƙaluman yakan tace su ne domin ya ajiye mai sulɓin a gefe ya riƙe abin da ya rage, tunda a cikin ragowar ne tsagar dutse da iyakar zobe suke bayyana. Shi ya sa grdfilter yake da alamar +h, wadda take juya aikin ta ba da tsakin maimakon garin. Umarni ɗaya, fayil ɗaya, taswira biyu masu faɗin abu mabambanta. Ɗalibin da ya zana layukan tsaga masu tazarar mita 100 daga awon da tazararsa mita 500 ce, bai kuma faɗi rariyar da ya sa ba, yana nuna wa malamansa zanen da lissafi ya ƙirƙira ne a tsakanin layukan jirgi.

Ruwan sama ma haka, sai dai can abin ya riga ya zo a lailaye. Bayanan CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, waɗanda suka faro daga 1981, gidansu ya haura kilomita 5 kowane gefe, alhali kowane manomi ya san hadari yana sauka a wannan ƙauye ya tsallake na gaba. Wanda ya ƙara tace su sa'annan ya yanke hukunci kan wace mazaɓa ce fari ya shafa, ko wa ya cancanci diyyar inshorar noma, ya raba ruwan masu samu ga marasa samu a kan takarda.

Kano tana da nata darasin kan abin da ake samu idan aka ƙi yin daɓe. A yaƙin shan-inna, nasara ta soma zuwa ne lokacin da aka ajiye taswirorin da ake zanawa da hannu aka koma hotunan tauraron ɗan'adam, ana neman kowane ƙauye da kowace ruga ɗaya bayan ɗaya, ana kuma bin sawun masu allura da na'urar gano wuri. An tarar da matsugunan da ba sa cikin kowane jeri. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar an same shi a Yulin 2014 a Sumaila, maƙwabciyar Tudun Wada. Yau ƙididdigar jama'a ta WorldPop da GRID3 tana zuwa a gidaje masu faɗin kusan mita 100, kuma tunda Nijeriya ba ta sake ƙidaya ba tun 2006, masu tsara asibiti da makaranta da rijiya sun dogara da ita ƙwarai. Rugar da ke bakin Falgore gida ɗaya ce ko biyu a wannan ma'aunin. A sa mata rariya mai faɗin kilomita ɗaya, mutanenta za su watsu a kan gidaje da yawa har launinsu ya koma na daji. Jimillar ba ta canja ba, mai rahoto zai iya rantsuwa cewa bai rage kowa ba, amma babu sauran inda za a aika ma'aikacin lafiya.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce kwamishina ko shugaban ƙaramar hukuma ba masanin taswira ba ne, idan aka nuna masa mai ƙuraje zai ruɗe, don haka gara a ba shi mai tsabta. Wannan raini ne da aka yi wa rawani. Mutumin da zai iya karanta kasafin kuɗi zai iya karanta jumla ɗaya da ta ce duk abin da faɗinsa bai kai mita 600 ba an dusashe shi a wannan taswira. Kuma shi ne ya fi buƙatar jumlar, domin shi zai sa hannu. Masanin zai iya zargin an tace daga ganin launi, shi kuwa mai sa hannu ba shi da wannan idon. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disamban 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, aiki ne na gyaran yankunan magudanar ruwa da ƙasar da ta lalace. Irin wannan aikin ba ya yiwuwa sai da taswirar tudu da kwari, kuma duk jami'in da rahoto ya biyo ta teburinsa yana da haƙƙin ya tambayi girman idon rariya kafin ya amince da inda aka ce zaizaya take da inda aka ce babu.

Abin lura shi ne layin umarni, wanda mutane da yawa suke gudu saboda baƙin allo da haruffa, shi ne ya fi riƙon amana a nan. Mai danna maɓalli a manhaja mai taga yakan manta abin da ya danna, wani lokacin ma manhajar ce take lailayewa da kanta yayin da ake sauya girman gida, ba tare da ta sanar ba. Daga nan ne ake samun taswirar da aka ce gidanta mita 10 ne alhali daga mai mita 30 aka tsaga ta. GMT kuwa yana rubuta umarnin da ya haifi fayil a cikin goshin fayil ɗin kansa. Wanda ya karɓi tudu_lailai.nc ya rubuta gmt grdinfo a gabansa zai ga layin da aka yi amfani da shi, da harafin rariyar da faɗinta. Shaida tana nan, ba a neman ta ne kawai, domin abin da ake miƙa wa ofis hoto ne da aka manna a cikin rahoto, fayil ɗin kuma yana kwamfutar wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Saboda haka gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma ko taron bita a otal. Sashen da ke ba da digiri ya ƙi karɓar taswirar da ba ta faɗi girman gidan asali da irin rariya da faɗinta ba, kamar yadda ba zai karɓi wadda ba ta da ma'aunin nisa ba. Ma'aikatar da ke ba da kwangila ta rubuta a cikin yarjejeniya cewa fayilolin suna cikin kayan da za a miƙa. Inda kuma za a zuba siminti, kwalbati ne ko bangon dam, a ɗauki taswirar tauraron ɗan'adam a matsayin mai nuna hanya, a fita da na'urar awo a taka ƙasar, a kuma tambayi mai unguwa ta ina ruwa ya bi a daminar da ta wuce. Sa'annan kowace taswira mai sulɓi ta zo da 'yar'uwarta, wadda ake samu da ɗebe ta daga ta asali:

gmt grdmath tudu.nc tudu_lailai.nc SUB = saura.nc

Fayil na ƙaramar hukuma guda ba ya ɗaukar minti ɗaya. A cikin saura.nc za a ga ƙurajen rada da kan itatuwa, waɗanda aka yi daidai da aka cire, a tsakaninsu kuma a ga wasu dogayen zare masu rassa suna gangarawa zuwa kogi. Su ne rafukan da fadamun, kuma wurinsu shafin da ke kallon taswirar, a launi iri ɗaya da girma iri ɗaya, inda mai sa hannu zai gan su.